Doguwar Wasiƙar Ramatu da Masu Karanta Ta

(Kiɗan buɗe shiri)

 Ga mu a filinmu na littattafai da masu karanta su. 

Littafin da na riƙo yau ɗan siriri ne. Fassararsa ta Turanci ba ta cika shafi 100 ba, mai saurin karatu zai gama shi tsakanin la'asar da lisha. Amma yau fiye da shekara 40 ke nan ana ja-in-ja a kansa, a aji, a jami'a, har a tsakar gida. Wata 'yar ƙasar Senegal ce ta rubuta shi da Faransanci, sunanta Mariama Ba, ya fito a Dakar a 1979 da sunan Une si longue lettre. Waɗanda suka karanta shi da Turanci sun san shi da So Long a Letter. Ni dai a shirin nan zan kira shi Doguwar Wasiƙa, domin wasiƙa ce tun daga shafin farko har na ƙarshe.

An haifi Mariama Ba a Dakar a 1929. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, kakanninta suka riƙe ta. Ta yi makarantar horon malamai mata ta Rufisk, ta fito a 1947, ta yi shekara 12 tana koyarwa. Ta haifi 'ya'ya 9, ta ga aure ta ga mutuwarsa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, tana da shekara 50 littafinta na farko ya fito. A 1980 ya ci kyautar Noma, karon farko da aka ba da ita. Ba noman gona ba fa, sunan wani Bajapane ne mai kamfanin ɗab'i da ya kafa kyautar don littattafan da aka buga a Afirka. A 1981 Allah ya yi mata rasuwa, kafin littafinta na biyu ya fito. A tsibirin Gore da ke gaban Dakar akwai makarantar kwana ta 'yan mata da ke ɗauke da sunanta.

To, ga labarin a gurguje, saboda wanda bai karanta ba. Ramatulayi, wato Ramatu a bakinmu, malamar makaranta ce a Dakar. Mijinta Modu Fal ya faɗi a ofis, zuciya ta buga, ya cika. Ta shiga takaba, wata 4 da kwana 10. A cikin wannan zaman ne ta ɗauki littafin rubutu ta fara yi wa aminiyarta ta ƙuruciya, A'ishatu, wasiƙa. Shekara 30 da ɗaura aurenta da Modu, 'ya'ya 12 a tsakani. Sai dai shekara 5 na ƙarshe ba ta da miji sai a suna, domin ya auri Binetu, ƙawar babbar 'yarsu Daba, yarinyar da ke zuwa gidan su yi bitar karatu tare. Bai gaya mata ba. Sai bayan an shafa fatiha yayansa Tamsir da abokinsa Mawdo da limamin unguwa suka zo suka sanar da ita. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga gidan.

Ita kuwa A'ishatu, 'yar maƙerin zinariya ce, ta auri wannan Mawdo, likita, jinin sarauta. Uwarsa ba ta taɓa yafe wa 'yar maƙera shiga gidanta ba. Sai ta ɗauko 'yar ɗan'uwanta, ta raine ta da hannunta, ta ba ɗan nata. Mawdo ya ce ba zai iya saɓa wa uwarsa ba. A'ishatu ta ajiye masa takarda a kan gado, ta kwashi 'ya'yanta maza 4 ta fice. Ta ƙaro karatu a Faransa, ta sami aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka.

Ɗaya ta tafi, ɗaya ta zauna. A nan masu karatu suka rabu, har yau kuma ba su haɗu ba.

Na fara karanta littafin nan ina aji huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata. Mu 'yan shekara 16, 17, babu wadda ta taɓa sanin miji, amma kowace ta riga ta yanke hukunci. Duk ajin A'ishatu ne. Takardar nan da ta bar wa Mawdo, wasunmu har kwafe ta suka yi a bangon baya na littafin lissafi, suna cewa za ta yi amfani wata rana. Ramatu kuwa haushi take ba mu. Mace da iliminta, da albashinta, namiji ya wulaƙanta ki da sa'ar 'yarki, ki zauna kina jan carbi? Muka sa mata suna mai haƙurin tsiya. Malamarmu ta adabi, wata dattijuwa, tana jin mu tana murmushi. Abin da kawai ta ce shi ne mu adana littafin, kada mu sayar wa 'yan aji uku. A lokacin na ɗauka rowa take koya mana.

Sai bara, da mijin Yayata ya rasu. Kun san yadda gidan rasuwa yake: kwana uku na farko ba masaka tsinke, ana sadakar bakwai kowa ya kama gabansa, a bar mai takaba da bango huɗu da dogon wuni. Nakan je wurinta da yamma idan na tashi daga aiki. Wata rana na ga tsohon littafin nan a ƙasan akwati, bangonsa ya yi ja, na jefa a jaka. Na ce bari in riƙa karanta mata ina juyawa da Hausa, ko ta rage kewa. Sai da na buɗe shafin farko na tuna cewa da mutuwar miji labarin ya fara. Na so in rufe, Yaya ta ce a'a, ci gaba.

Mu huɗu ne a ɗakin yawanci. Yaya a kan dardumarta, Gwaggonmu da ta zo taya ta zama, tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga ajin boko ba, sai 'yar Yaya da ke jami'a, sai ni mai karatu. A ɗakin nan na ji abin da ban taɓa ji a aji ba.

Tun a wurin zaman makoki Gwaggo ta gyara zama. Inda Ramatu ke ba da labarin yadda dangin miji suka zaunar da ita da Binetu kafaɗa da kafaɗa, suka yaba musu yabo ɗaya, suka auna shekara 30 da shekara 5 a mudu ɗaya, haihuwa 12 da haihuwa 3 duk ɗaya, Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ashe har can ma haka dangin miji suke?" Da muka zo zaman gado, aka tarar Modu ya mutu ba ko anini sai tulin bashi, kuma gidan da ya saya wa amarya da uwarta, jinginar da gidan Ramatu ya yi ya ci bashin, gidan da suka haɗa kuɗinsu su biyu suka mallaka amma takarda na ɗauke da sunansa shi kaɗai, sai Gwaggo ta juya wajen jikarta ta ce, "Kin ji ko? Ke mai karatun zamani. Duk abin da kika sa kuɗinki, a rubuta sunanki." Ni da na karanta wurin nan ina yarinya, ko tsayawa ban yi ba. Soyayya da cin amana nake nema. Jinginar gida ba ta cikin abin da idona ke gani.

Da muka iso tafiyar A'ishatu, 'yar tamu ta yi tsalle, kamar ni shekarun baya. Ta ce wannan ita ce mace. Gwaggo ba ta musa ba, tambaya kawai ta yi. "Da 'ya'yan ta tafi? Duka huɗun? Maza? Dangin uban suka zuba mata ido?" Na ce haka littafi ya ce. Ta ce, "To ta yi sa'a. Ni na san mata da yawa da suka fita, da ɗan goye kawai suka fita, shi ma da aka yaye aka zo aka karɓe." Sai ta shiga lissafi da yatsu: waccan 'ya'ya 4, wannan 12, wa zai ba mace mai 'ya'ya 12 ɗaki? Yarinyar ta ce ai Ramatu ma tana da albashi, kuma 'yarta Daba da bakinta ta ce mata ta rabu da shi. Gaskiya ne, haka yake a littafin. Kuma Ramatu ba ta ɓoye ba cewa ba 'ya'ya kaɗai suka zaunar da ita ba. Tana son mutumin. Ta ba shi ƙuruciyarta, ba ta kuma san yadda ake jin daɗin duniya ba tare da abokin zama ba. Akwai wurin da ta tsaya gaban madubi tana duban abin da haihuwa da shayarwa da shekaru suka yi wa jikinta, tana auna kanta da yarinyar da aka auro. Da na karanta wurin, ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar carbin Yaya.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan Doguwar Wasiƙa ta Mariama Ba, da yadda masu karatu suka karɓe ta.

Wannan musu na ɗakin Yaya, malaman jami'a ma sun yi shi, sai dai su da manyan kalmomi. A 1982 wani masanin adabi ɗan Nijeriya, Femi Ojo-Ade, ya rubuta sharhi a kan littafin, inda ya nuna shakku a kan aƙidar 'yancin mata da ke cikinsa, yana ganin ta a matsayin baƙuwar da aka shigo da ita daga Turai. A can Turai da Amurka kuwa, da yawa sun rungumi littafin a matsayin shaida a kan auren mace fiye da ɗaya, suka ɗaga A'ishatu sama, suka dubi Ramatu da tausayi, kamar wadda ba ta gama farkawa ba. Sai wata masaniya, Obioma Nnaemeka, ita ma 'yar Nijeriya, ta ja hankali cewa a sake duba abin da Modu ya yi da kyau. Mutumin nan bai zauna da mata biyu ba. Ya bar ɗaya ne ya koma wa ɗaya, ya fake da sunan ƙarin aure.

A nan ni ina tare da ita, kuma duk Bahaushiyar da ta karanta za ta gane da wuri, don mun san ƙa'idar abin. Mai ƙara aure yakan sanar da uwargida da bakinsa, ya yi mata kayan faɗar kishiya, a raba kwana, a raba cefane. Ko ana yi don Allah ko don idon jama'a, an dai san haka ake yi. Ramatu da kanta ta ce ta shirya zuciyarta ta karɓi rabon kwana yadda Musulunci ya tsara. Ba a ba ta ba. Ba a sake ta ba, ba a riƙe ta ba, halin da aya ta 129 a Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi a kansa. Saboda haka wanda ya ce littafin nan yaƙi yake da addini, ban san wane littafi ya karanta ba. Matar da ke ba da labarin tana kan darduma, tana kiyaye takabarta, tana ƙirga kwanakinta. Da ma'aunin addinin ta auna mijin ta ga bai cika ba.

Maza fa? Wani abokin aikina, malami ne mai son karatu, ya ce mini shi littafin ya gundure shi, don babu namijin kirki a ciki, an tara mata ana zagin maza. Na ce Malam, ko dai ka tsaya a tsakiya? Mijin Daba yana nan, yaron da ke taya matarsa aikin gida. Ibrahima Sal yana nan, ɗalibin da ya yi wa ɗaya daga 'ya'yan Ramatu ciki, bai gudu ba, ya zo ya durƙusa ya ɗauki laifinsa da nauyinsa. Sannan ka duba su wa suka ƙulla auren biyun nan. Uwar Mawdo ce ta shekara da shekaru tana saƙa nata. Uwar Binetu ce ta tura 'yarta, ta fitar da ita daga makaranta ana dab da jarrabawar ƙarshe, don kujerar Makka da gida mai famfo. Mariama Ba ba ta raga wa mata ba ko kaɗan. Ya yi shiru, sannan ya ce to amma Modu ya mutu, ba a ji ta bakinsa ba.

Wannan kam ya faɗi gaskiya, kuma ita ce gazawar wasiƙa: mai rubutu ne kaɗai ke magana. Binetu ma ba mu ji ta bakinta ba. 'Yar Yaya ce ta fara nuna mini haka. Ta ce ita yarinyar nan take tausayi, sa'arta ce, an sayar da ita, ta zama bazawara da 'ya'ya 3 ba ta gama sanin kanta ba, amma ko sau ɗaya ba a bar ta ta faɗi abin da ke ranta ba. Ni kuma zan ƙara da nawa: wani lokaci Ramatu takan manta wasiƙa take rubutawa, ta hau allo ta shiga ba da lacca a kan ilimi da gina ƙasa. Halin malamai ne, mun san kanmu. Kuma duniyarta duniyar 'yan boko ce masu albashi, masu aminiya a Amurka da za ta iya saya musu mota. Matar da ke tallan ƙosai a bakin titi ba ta da A'ishatu.

Amma bari in kai ku inda ɗakin Yaya ya kama da wuta.

Ranar sadakar arba'in, Tamsir, yayan marigayi, ya zo da rakiyar Mawdo da liman, mutanen nan dai uku da suka kawo mata mugun labari shekara 5 baya. Ya sanar da ita, ba tambaya ba, cewa idan ta fita takaba zai aure ta. Mutum mai mata 3 da ba ya iya ciyarwa, su ne ma ke fafutukar ciyar da gidansa. Ramatu da ta yi shekara 30 tana haɗiye magana, ran nan ta amayar. Ta wanke shi tas a gaban liman, ta ce ita ba kaya ba ce da za a riƙa miƙawa daga hannu zuwa hannu. Jama'a, Gwaggo har guɗa ta so yi, sai ta tuna gidan makoki ne, ta toshe baki da gefen mayafi. Kowa a ɗakin ya ji daɗi. A nan babu musu.

Sai ga Dauda Jeng. Tsohon manemin aurenta ne, wanda mahaifiyarta ta so ta aura tun farko ta ƙi, ta zaɓi Modu. Yanzu likita ne, ɗan majalisar dokoki, mai mutunci, mai abin hannu, bai daina son ta ba. Ya zo gaisuwa, suka yi hira har ta kai su ga siyasa, tana yi masa gorin cewa mata 4 ne kacal a cikin 'yan majalisa 100. Tun tana cikin takaba ya nemi aurenta, a ɗaura idan ta fita, ya yarda ya ɗauke ta da 'ya'yanta duka. Ramatu ta yi tunani, ta rubuta masa takarda ta ba maƙwabciyarta Farmata, maroƙiya mai duba da wuri, ta kai masa. Farmata ta tafi da murna, ta ɗauka albishir ta ɗauko. Ashe haƙuri aka ba shi. Dalili biyu ta kawo: tana ganin girmansa amma zuciyarta ba ta son sa, kuma yana da mata da 'ya'ya, ba za ta shiga tsakaninsu ba bayan ta ɗanɗani abin da kanta.

Gwaggo ta ce a rufe littafin. Ta ce matar nan ba ta da hankali, Farmata ce mai gaskiya da ta zazzage ta. Allah ya kawo miki rufin asiri har ɗaki, likita guda, ki sa ƙafa ki shure? Ko auren ɗauki-sandanka ne ai sai ki yi, kina gidanki yana leƙo ki, yara su sami uba. "So? Wane irin so kuma da furfura?" Abin mamaki, 'yar jami'ar nan da ta yi sati biyu tana gardama da Gwaggo, a nan sai ta koma bayanta. Ta ce ita ma ba ta gane ba, mace mai shekara 50 me ya haɗa ta da maganar zuciya? Ai lokacin ya wuce.

Kun ji inda tsohuwa da yarinya suka haɗu. Sun saɓa a kan kishiya, sun saɓa a kan fita da zama, amma sun yarda da abu ɗaya: mace idan ta kai 50, ta gama zaɓe, sai dai a zaɓa mata abin da zai rufa mata asiri. Ni kuwa a ganina wurin nan ne zuciyar littafin. Duba yadda sunan mace ke ɓacewa a hannunmu. Tana 'yar wane, ta zama matar wane, ta zama maman wane, ta ƙare a matar marigayi. Ramatu ta yi shekara 5 tana koyon abubuwan da ba ta taɓa yi ba: biyan kuɗin wuta da na ruwa, neman mai gyaran ƙofa, shiga sinima ita kaɗai mutane na kallon ta, tuƙa ƙaramar Fiat ɗin da A'ishatu ta saya mata bayan ta ji tana gwagwarmayar motar haya. Kafin Dauda ya zo, ta riga ta san abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Da ya zo shekara 5 kafin nan, wataƙila da ta amsa. Ba ta kuma ce ta rufe ƙofar aure ba, a ƙarshen wasiƙar tana nan da sa ranta. Ta dai ƙi auren da ba nata ba ne.

Irin wannan tambayar ba a Dakar kaɗai aka yi ta ba. A Kano, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990, labarin Rabi mai 'ya'ya 9 da Alhaji Abdu ya kora saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta, har duniya ta juya masa baya aka dawo ana lallashin ta. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Wanda ya karanta su biyun zai ga Rabi da Ramatu kamar 'yan ɗaki ɗaya, sai dai Rabi ba ta da albashi, ba ta da aminiya a ofishin jakadanci, tukunya ce gatanta. Sannan a 2015 Abubakar Adam Ibrahim ya fito da Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, labarin Hajiya Binta, mai shekara 55 da mijinta ya rasu, wadda zuciyarta ta kai ta inda jama'a ba sa yafewa. Wancan littafi ne mai nauyi, ba na yara ba, za mu ba shi ranarsa. Na ambace shi ne don shi ma abin da ya fi tayar wa masu karatu hankali shi ne a ce dattijuwa tana da zuciya.

Duk wannan hayaniya Yaya ba ta sa baki ba. Mace ce mai kawaici tun muna yara. Sai da Gwaggo ta fita alwalar magariba, yarinyar ta bi ta da buta, sannan ta ɗago ta ce mini, "Ƙanwata, kin san abin da ya tsaya mini? Ba likitan ba. Matarsa. Duk ɗakin nan ba wanda ya tuna da matarsa sai Ramatu." Na ce haka ne, Yaya. Ta ɗan ja carbi, sannan ta ce, "Jiya yaran nan suka tambaye ni me za a dafa mini. Wallahi na rasa amsa. Shekara 31 ina dafa abin da Malam yake so. Na san ba ya son yaji, na san tuwon dawa ya fi so da miyar kuka, na san yadda yake son shayinsa. Ni kuwa ban san abin da nake so ba." Ba kuka take ba, kuma ba ƙorafi ba ne, don zamansu lafiya suka yi, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa yi mata kishiya ba. Mamaki kawai take, kamar wadda ta buɗe wani ɗaki a gidanta ta tarar ba ta taɓa shiga ba.

A daren nan na tuna malamarmu da ta ce kada mu sayar da littafin.

Muka gama karatun saura kwana 9 ta fita. Ranar da ta fita takaba, bayan an yi addu'a baƙi sun watse, ta aiki yaro kasuwa ya sayo garin rogo da wake da kanwa, ta shiga madafa da kanta ta yi ɗanwake, ta zuba masa yaji har sai da muka yi ta tari. Ta ce rabonta da shi tun tana gidanmu. Littafin kuma yana wurinta, ta ce in bar mata, tana bin sa a hankali da Turancinta na firamare. Gwaggo ta koma ƙauye, amma ko a makon jiya da muka yi waya, bayan gaisuwa sai da ta ce mini, "Ni fa har yanzu matar nan ta Dakar tana ba ni haushi. Likita guda!"

Masu sauraro, agogo ya cim mana. Wanda ya karanta littafin nan, ko da Faransanci ko da Turanci, ya rubuto mana ya faɗi shekarunsa lokacin da ya karanta da kuma bayan wa ya bi, za mu karanto saƙonninku a shiri na gaba. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa mu kwana lafiya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)